Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Karatu: Matiyu 24:45 zuwa 25:30

  

A daren Kirsimeti na 2025, bayan yawancinmu mun gama hidimar biki mun gaji, mutanen Jabo a Ƙaramar Hukumar Tambuwal suka ji wata ƙara mai razanarwa. Sama ta yi ja, wani abu ya faɗo a fili ba nisa da asibitin garin. Daga baya aka ji cewa a daren nan Amurka ta kai hari ta sama a kan 'yan bindiga a yankin Tangaza. Gwamnatin tarayya kuma ta ce ɓaraguzan makaman ne suka faɗo a Jabo, da kuma Offa ta Jihar Kwara. Mun gode wa Allah, ba a rasa rai a Jabo ba. Siyasar al'amarin na bar wa masu ita. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tambayar da wata uwa ta yi mini bayan sujada. Ta ce, "Baba Fasto, da a ce daren nan Ubangiji ne ya dawo, ni kam ban san inda zan sa kaina ba." Shekara talatin ke nan da yi mata baftisma, tana cikin zumuntar mata, ba ta fashin sujada. Duk da haka ba ta san ko a shirye take ba. Na kuma tabbata ba ita kaɗai ba ce.

To, mene ne zama a shirye? Ubangiji Yesu bai bar mu cikin duhu ba. Kwanaki kaɗan kafin a gicciye shi, yana zaune a Dutsen Zaitun, almajiransa suka tambaye shi lokacin dawowarsa da alamarta. Bai ba su rana ba. Ya ce ranar nan da sa'ar nan a wurin Uba kaɗai saninsu yake. Sai ya jera musu misalai uku: na bawan da aka ba riƙon gida, na 'yan mata goma, da na talanti. Mun saba karanta su ɗaya ɗaya, wannan a makarantar Lahadi, wancan ranar baikon godiya. Amma in ka karanta su a jere kamar yadda Matiyu ya rubuta, za ka ga zare guda ya ɗinke su. A cikin kowannensu akwai wanda ake jira, a cikin kowannensu kuma ana maganar jinkirinsa. Mugun bawa ya ce a ransa maigida ya yi jinkiri. Ango ya makara har tsakar dare. Mai dukiya sai bayan an daɗe ya komo. Ashe Yesu da kansa ya faɗa mana tun farko cewa jiran zai yi tsawo. Tambayar ita ce, me mutum yake yi da tsawon jiran?

Na farkon ba zan daɗe a kansa ba, ko da yake mu fastoci da dattawa shi ya fi shafa. An ɗora bawa a kan sauran bayi domin ya ba su abinci a kan kari. Da ya ga maigida ya daɗe, sai ya shiga dukan 'yan'uwansa, yana ci yana sha da mashaya. Kuskurensa shi ne ya ɗauka akwai sauran lokaci da yawa. Duk wanda aka ba riƙon wani abu, ma'ajin ikkilisiya ne, ko shugaban makaranta, ko maigida a gidansa, ya san yadda zuciya takan sake in an daɗe ba a zo duba littafi ba.

Misali na biyu ya juya al'amarin. Mugun bawa ya zaci maigida zai daɗe, sai ya zo da wuri. 'Yan mata biyar kuwa sun zaci ango zai zo da wuri, sai ya daɗe.

Mu a nan ba sai an yi mana dogon bayani a kan jiran biki ba. An ce za a kai amarya bayan magariba, sai ga shi har goma na dare ana ta ciniki tsakanin dangin ango da ƙawayen amarya. Haka yake a ƙasar Yahudiya, sai dai a can ango ne ake fita tarya da fitilu, a raka shi zuwa gidan biki. Masana da dama suna ganin fitilun nan sanduna ne da aka naɗe kansu da tsumma, ana jiƙa tsumman da man zaitun. Irin wannan wuta tana da haske sosai, amma ba ta daɗewa, sai ana ƙara mata mai a kai a kai. Wadda ta zo da sanda ba kwalbar mai, daidai take da wadda ta zo da tocila ba batir.

Ku lura da abin da Yesu bai zarge su da shi ba. Bai zarge su da barci ba. Dukansu goma sun yi gyangyaɗi, dukansu sun yi barci, masu hikima da wawaye. Na ga ya kamata in tsaya a nan, domin akwai masubi da suke tsammani zama a shirye shi ne zama cikin fargaba, kullum ido a sama, kowace ƙara suka ji sai gabansu ya faɗi. Biyar masu hikima sun yi barcinsu lafiya lau, gama abin da ya kamata a yi sun riga sun yi shi tun da rana. Manomin da ya gyara rumbunsa, ya yaɓe shi, ya ɗora masa jinka tun bazara, in hadarin farko ya taso cikin dare a watan Yuni, juyawa kawai yake yi a kan shimfiɗarsa. Maƙwabcinsa da ya ce sai gobe, shi ne zai fito da tabarma da leda yana ta kiran yara.

A ido kuma ba za ka iya rarrabe su ba. Duka an gayyace su, duka sun yi kwalliya, duka suna riƙe da fitila, wuri ɗaya suka zauna. Da ango ya zo da wuri, da babu wanda zai taɓa sanin cewa biyar ba su da mai. Jinkirin ne ya tona asiri. Haka yake da bangaskiya. A shekarar farko bayan tuba, kowa wutarsa tana ci. Sai an yi shekara goma, an yi addu'ar da ba a ga amsarta ba, an binne ɗa, albashi ya maƙale, an hana ka fili ko ƙarin girma saboda sunanka, sa'an nan ake gane ko akwai mai a kwalba.

Mene ne man? Masu fassara sun faɗi abubuwa dabam dabam. Waɗansu sun ce Ruhu Mai Tsarki ne, waɗansu sun ce bangaskiya, waɗansu kuma ayyukan ƙauna. Yesu bai fassara shi ba, ni ma ba zan matsa wa misalin ya faɗi abin da bai faɗa ba. Abin da yake a fili shi ne, man nan ba a aronsa. Tun ina yaro wannan wuri yake damuna. Ina cewa, ai an koya mana mu raba abin da muke da shi, don me masu hikima suka hana? Sai da na girma na gane ba rowa ba ce. In aka raba, fitilu goma za su mutu a tsakiyar hanya, a bar ango cikin duhu. Akwai kuma abubuwan da ko kana so ba za ka iya ba wani ba. Zan iya ba ka rance, zan iya ba ka hatsi, zan iya yi maka addu'a. Ba zan iya tuba a madadinka ba. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Kai da kake cewa mahaifinka mai bishara ne, shi ya kafa majami'ar garinku, mun gode wa Allah saboda mahaifinka, amma man nan nasa ne. Kai maigida da kake turo matarka da yara sujada kana zaune gindin bishiya, kana cewa suna wakiltarka, ka sani a ƙofar nan ba a shiga da wakili.

Sa'an nan aka rufe ƙofa. Wannan ne wurin da ba ma son ji. Amma mun taɓa ganin irinsa da idonmu. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwa cewa za a sauya takardun naira 200, da 500, da 1,000, aka sa 31 ga Janairu 2023 ta zama ranar ƙarshe, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Wata uku cur ana faɗa a rediyo. Mutane da yawa suka ce ai wasa ne. Da ranar ta matso, kun tuna yadda mutanen ƙauyukan da ba banki suka riƙa yin sammako da kuɗi a buhu, suna kwana a layi, masu shago kuma suka fara ƙin karɓar tsohon kuɗi tun kafin wa'adin ya cika. Mu da muka ɗan manyanta mun tuna da na watan Afrilu 1984, lokacin mulkin soja, da aka sauya launin kuɗi aka ba mutane ƙasa da mako biyu, aka kuma rufe iyakokin ƙasa. Waɗanda suka makara, kuɗinsu ya zama takarda a hannunsu. A 2023 an yi sa'a, Kotun Ƙoli ta sa baki a ranar 3 ga Maris, tsohon kuɗi ya dawo hannu. Ƙofar da Yesu yake magana a kanta ba ta da kotun da za ta sa a sāke buɗe ta. 'Yan matan nan sun ƙwanƙwasa, sun kira shi da sunan girma, ya ce bai san su ba. Bai tambaye su mai ba, bai tambaye su fitila ba. Maganar sani ya yi. Duk hidimar da suka yi, babu dangantaka tsakaninsu da shi.

Wani zai ce, to, da an faɗa mana ranar ai da mun shirya. An yi ta gwada wannan. Da shekara ta 2000 ta gabato, kun ji irin maganganun da aka yi ta yaɗawa. Wani mai wa'azi a rediyo a Amurka, Harold Camping, ya sa 21 ga Mayu 2011, waɗansu mabiyansa suka bar aiki suka kashe abin da suka tara wajen tallar ranar. Ranar ta zo ta wuce, daga baya shi da kansa ya yarda ya yi kuskure. Mai lissafin rana so yake ya san daidai lokacin da zai fara fafe gora. Yesu kuwa ya ɓoye ranar domin gorar ta zauna a fafe.

Yanzu sai misali na uku, wanda ya amsa tambayar da na biyu ya bari: a cikin jiran nan, me za mu yi da hannuwanmu?

Wani mutum zai yi tafiya, ya kira bayinsa ya damƙa musu dukiyarsa. Ɗaya talanti biyar, ɗaya biyu, ɗaya guda, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Mukan ji tausayin mai guda ɗaya, muna cewa an ba shi kaɗan. Bari mu yi lissafi. Talanti ma'aunin nauyi ne, talanti ɗaya na azurfa kuwa ya kai wajen dinari 6,000. A Matiyu sura 20 mun ga dinari guda shi ne ladan ɗan ƙodago na yini ɗaya. In mutum yana aiki kwana 300 a shekara, sai ya yi shekara 20 kafin ya sami talanti guda, in bai ci ko kwabo a ciki ba. Ka ɗauki abin da ake biyan mai noman ƙodago a fadamar Kuchi yau, ka riɓa shi sau 6,000, ka ga ko kaɗan ne. Mafi ƙanƙanta a cikin bayin nan an ba shi amanar da ta fi abin da zai tara a rabin rayuwarsa.

Biyu suka tafi nan da nan suka yi ta juya kuɗin, kowa ya riɓa nasa. Na ukun ya haƙa rami ya binne. Mu yi masa adalci. Bai ci kuɗin ba, bai yi caca da su ba, bai gudu da su ba. A zamanin nan binne kuɗi shi ne hanyar ajiya da aka fi amincewa da ita, har malaman Yahudawa sun koyar cewa wanda aka ba ajiyar kuɗi, in ya binne su, ya sauke nauyin tsaro. Kakanninmu ma haka suke yi da tukunya a ƙuryar ɗaki. Masu sauraron Yesu da farko za su ce bawan nan ya yi hankali. Da a ce dattawan ikkilisiya ne za su zauna a kan maganarsa, ba za su sami laifin da za su sa shi a horo ba. Amma maigida ya kira shi mugu, ya kira shi malalaci.

Dalilin yana cikin bakinsa. Ya ce ya san maigidan mutum ne mai tsanani, mai girbi inda bai shuka ba, shi ya sa ya ji tsoro. Mutumin da ya ɗauki ladan shekara 20 ya damƙa maka ba shaida ba jingina, shi ne kake kira mai tsanani? Bawan nan bai san maigidansa ba, kamar yadda ango bai san 'yan matan nan ba. Karin maganarsa ita ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Akwai inda wannan karin magana take da amfani, amma ba ga wanda aka kira shi fili da sunansa aka miƙa masa kalangu ba.

Wani abokina Musulmi, malamin makaranta, ya taɓa tambayata ko wannan misali ya halatta kuɗin ruwa, tun da maigidan ya ce da an kai kuɗin wurin masu juya kuɗi da ya karɓa da riba. Tambaya ce mai kyau. Shari'ar Musa ta hana Ba'isra'ile karɓar ruwa a hannun ɗan'uwansa, kamar yadda yake a Fitowa sura 22 da Maimaitawar Shari'a sura 23. Maigidan yana kama bawan ne da maganar bakinsa: in da gaske ka gaskata ni mai son riba ne haka, ai ko mafi sauƙin abu da ka yi. Misalin bai zo domin ya koya mana harkar banki ba.

Ga inda maganar ta same mu. Da yawa daga cikinmu da ke sujada a ƙasar Tambuwal da Kebbe aiki ne ya kawo mu: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, 'yan sanda, 'yan hidimar ƙasa, 'yan kasuwa, masu neman gona. Mu kaɗan ne, muna zaune a tsakiyar maƙwabta Musulmi, ga kuma rashin tsaro da ya sa hanyoyin da dā ake bi da dare yanzu sai da rana. A irin wannan hali, ramin binne talanti a haƙe yake, yana jira. Sunansa "ni baƙo ne a nan". Na ji wannan magana ba iyaka. A ce wa ɗan'uwa ya koyar a makarantar Lahadi, sai ya ce yana jiran canjin wurin aiki. Shekara takwas ke nan yana jira, 'ya'yan da ya ƙi koya wa sun yi aure. Wata ma'aikaciyar jinya tana da baiwar ta'azantar da marasa lafiya, amma ta ce ita dai ta yi aikinta ta koma ɗakinta, kada a san da ita. Ba na cewa mu yi wauta, ko mu tsokani kowa. Ubangiji da kansa ya ce mu yi wayo. Amma malamin da yake shiga aji a kan lokaci alhali ba mai duba shi, da ɗan sandan da ya ƙi karɓar na goro a kan hanyar Sokoto zuwa Jega, da mai shagon da mudunsa cikakke ne ga kowa, da matar da take zuwa gaisuwar mutuwa gidan maƙwabta tana ɗebo musu ruwa, duk juya talanti suke yi. A wurare irin namu, sau da yawa wannan ne wa'azin da ake ji.

Ku kuma lura, mai biyar da mai biyu yabo iri ɗaya suka samu, kalma da kalma. Ba yawan riba aka yaba ba, aminci aka yaba. A watan Disamba 1893 samari uku suka sauka a Legas da nufin kawo bishara ƙasar Hausa da kewayenta: Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. A cikin 1894 Gowans ya rasu a Girku (ta ƙasar Zazzau, ba Girkau ɗinmu ta Kebbe ba), Kent kuma ya rasu a Bida. Bingham ya koma gida da zazzaɓi. Da za a rufe littafi a shekarar nan, sai a ce jari ya hallaka. Daga wannan aiki ne ƙungiyar SIM ta tsiro, daga ita kuma ECWA ta fito a 1954. Mutum biyun nan ba su ga ko majami'a ɗaya ba. Fasto da yake da mutum goma sha biyu a ɗakin haya, kada ya auna kansa da mai dubu a Jos ko Kaduna. Ba da mudun wancan za a auna shi ba.

Kada kuma wani ya tashi daga nan yana cewa da aikinsa zai sayi shiga. Bayin nan ba da ribarsu suka zama 'yan gidan ba. Tun kafin su juya ko kwabo, maigida ya riga ya kira su, ya riga ya ba su jari daga aljihunsa. Manzo Bulus ya bayyana wa Afisawa a sura 2 cewa ceto kyauta ne ta wurin bangaskiya, nan take kuma ya ƙara da cewa an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. Rijiya ce ke ba da ruwa, amma in guga ya daɗe yana fitowa a bushe, ya kamata a leƙa a gani.

Uwar nan da ta yi mini tambaya, na ce mata ta zauna mu yi magana. Na tambaye ta ko ta dogara ga Yesu kaɗai domin gafarar zunubanta. Ta ce ƙwarai. Na ce to mene ne ya faɗo miki a rai sa'ad da kika ji labarin Jabo? Ta yi shiru, sa'an nan ta ce ƙanwarta, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara huɗu ba sa magana saboda rabon gonar mahaifinsu. Na ce, "Mama, kin san inda ake sayar da man ke nan, kasuwa kuma ba ta tashi ba tukuna." A satin nan ta shiga mota. Ƙanwar ba ta karɓe ta da fara'a ba, har yanzu maganar gonar ba ta ƙare ba, amma sun ci abinci a kwano ɗaya, yaransu kuma sun fara kiran juna a waya.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu, za mu ɗauki sauran surar, daga aya 31 zuwa 46, inda Ɗan Mutum yake rarrabe tumaki da awaki. Ku karanta wurin a gida tare da iyalinku kafin lokacin, ku ƙirga abubuwa shida da Sarkin ya ambata.